Kason Gwaggo a Fadamar Bungudu

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Baba ya cika da hantsi a wani asibiti a Gusau, muka ɗauko shi zuwa Tsafe, kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne na lura mutane sun fara gyara shi. Shekara ba ta zagayo ba, amma in ka ji yadda ake ba da labarinsa a ƙofar gida sai ka rantse wani tsoho ne mai sanyin hali da bai taɓa takura wa kowa ba. Baba ya takura wa mutane, har bayan ransa. Ni ne ɗansa na biyu, ni ya bar wa wasiyya, na fi kowa sanin haka, kuma gara a tuna da shi yadda yake.

A zaman makoki tabarmi sun kai har bakin titi. 'Yan kasuwar hatsi, abokan sana'arsa, suka yi ta zuwa, kowa da abin da zai faɗa. Wani ya ce bai taɓa ganin Baba ya shafe tozon tiya ba in yana auna wa mai saye. Wani ya ce shi kam ya sha faɗa a wurinsa, amma bai taɓa shan cuta ba. Wani tsohon ɗan dako da yanzu sai da sanda yake tafiya, shi ya sa mutane dariya a inda bai kamata a yi ba.

"Buhun masara yas suɓuce mai, yah hwaɗo min bisa ƙahwa," in ji shi. "Nic ce, Alhaji ba komi. Wallahi sai da yas sa ni zaune, yas sa nit tuɓe takalmi gaban jama'a. Yac ce, duba tukuna kana ka ce ba komi. Da nid duba, ashe akwai komi, babban yatsa ya tsage."

Aka yi dariya, aka tuna inda ake, aka koma addu'a. Yaya, babban wanmu, wanda ke zaune a Bungudu yana noma fadamar gidanmu, shi ke tsakiyar tabarma. Duk wanda ya zo sai ya riƙe hannunsa ya ce, yanzu kai ne uba. Ni kuwa a miƙo mini hannu a wuce, ban ji haushi ba, haka aka saba. A cikin gida Inna ta shiga takaba, ƙannenmu mata biyu suna gefenta. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana bakin ƙofa da carbi tana amsa gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa. Su biyu kaɗai iyayensu suka bari, yanzu saura ita.

A Bungudu aka haifi Baba, fataucin hatsi ne ya kawo shi Tsafe, inda dama aka auro Gwaggo. Mutum ne dogo, mai saurin tafiya, mai son shayi ba madara. Abu biyu ya tsana a bakin mutum: "ba komai" da "na yafe". Muna yara in aka yi faɗa, Inna takan kama hannun wanda aka zalunta ta ce ya yafe wa ɗan'uwansa a wuce wurin. In Baba yana gida sai ya hana.

"Bar shi ya kwana da shi," zai ce. "In gari ya waye shina nan bisa bakansa, to ya yahe."

Inna takan ce shi dai ba ya son a zauna lafiya, faɗan da zai mutu kafin magariba sai ya raya shi har safiya. Shi kuwa ko a jikinsa.

Akwai damina guda cur da suka daina gaisawa da amininsa, maƙwabcin gonarsa ta Tsafe, kuma dalilin abin dariya ne. 'Yan ƙwadagon Baba suka tumɓuke gambar da ke kan iyaka, suka ci ɗan taki cikin gonar aminin. Aminin ya ce a bari, tsakaninsu babu wannan. Baba ya ce sam, sai an dasa gambar inda take, kuma geron da ya fito a wurin na mai ƙasa ne. Aminin ya ce ashe baƙo ka ɗauke ni. Baba ya ce ashe kai ɓarawo kake so a tashe ni. Da kaka ta yi Baba ya ɗaure dammunan ya kai ƙofar gidan mutumin ya jingine, mutumin ya sa aka dawo da su, Baba ya sake mayarwa. A ƙarshe awakin unguwa ne suka raba gardamar.

Ni ban taɓa zama ɗan lelensa ba. Tun ina ƙarami in aka ce in yi abu sai na ce don me, na sha carbi a baya saboda haka. Mai tsaurin ido yake kirana har na yi furfura. Da na koma Sabon Gari a Gusau na buɗe shagon sayar da buhuna, ya ce ya dace, tunda na kasa zama da mutane sai in zauna da buhu. Yaya shi ne mai ladabi, mai haƙuri, wanda ya tsaya a ƙasa ya riƙe fartanya. Ban taɓa ƙyashin haka ba, domin gaskiya ne.

Wani abu kuma da muka taso muka gani: duk shekara in an casa shinkafar fadama, buhun farko na Gwaggo ne. Baba da kansa yake raka shi, ya sa a sauke a zaurenta, ba ya ko zama. Ita ta ce, kai dai ba ka gajiya, Allah ya bar zumunci. Shi ya ce, ba zumunci ba na, ya juya. Mu duk mun ɗauka irin maganganunsa ne na tsofaffi.

Ciwon ajalinsa bai taɓa hankalinsa ba. Wata rana bayan azahar, ina zaune kusa da gadonsa a asibiti, limamin unguwarmu ta Tsafe da aminin nan nasa suka zo dubiya. Yaya ya koma Bungudu da safe saboda ban-ruwa. Baba ya ce a ɗaga shi, aka jingina shi da matashi.

"Ku shaida," ya ce, "wanga mai tsaurin ido shi na wasiyyina. Hwadamar Bungudu ba tawa ba ta duka. Ubanmu ya bar ta gare ni da ƙanwata, kashi biyu nawa, kashi guda nata. Ranar da anka bizne shi tana amarya, tana kuka, mata sunka kewaye ta, anka aiko daga ciki wai ta yahe ma yayanta. Nik karɓa, don ina so. Ba a taɓa gwada mata ko ina na wurin ba. A hidda mata kasonta kahin ku raba komi."

Na ce, "Baba, don me ni? Ga Yaya."

Ya dube ni, har da ɗan murmushi. "Yayanka mutumen kirki na, kowa na jin kunyatai, shi ma shina jin kunyar kowa. Wagga magana mai kunya ba ya iya ta." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Za ta ce ta yahe. Kada ka saurara. Ba ka karɓar amsa bakinta sai ta tsaya da ƙahwarta bisa wurin, ta gan shi. In ta gani tac ce ta yahe, to."

Na amsa da to, kamar yadda ake amsa wa mara lafiya. Ban san abin da na ɗauka ba sai daga baya.

Bayan sadakar bakwai liman ya tara mu a zaure ya faɗi abin da ya ji, aminin Baba ya gaskata. Na ga Yaya yana murza hularsa a kan gwiwa. Muka kira malamin da ya saba rabon gado a garin, ya zauna ya warware mana tsarin. Ya ce dukiyar mamaci ba a taɓa ta sai an fitar da abin da aka kashe wajen sutura, sannan bashi, sannan wasiyya, abin da ya rage shi ne na magada. Bashi babu. Inna tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, sauran namu ne, namiji rabon mata biyu. Game da Gwaggo ya ce ta kowace fuska maganar ta tsaya: in haƙƙinta ne da ke hannun Baba, ba ya cikin gado tun farko, in kuma aka ɗauke shi wasiyya, bai kai sulusin dukiyar ba, ita kuma ba magajiya ba ce tunda akwai 'ya'ya maza. Abu ɗaya ya rage, sai ta karɓa. In ta ƙi, wurin ya dawo cikin gado. Ya juyo gare ni ya ce aikin wasiyyi shi ne ya tsare, ya bayyana wa kowa komai, kada ya ɓoye, kada ya ja lokaci, kada ya fifita kansa. Magada kuma suna da ikon su tambaye ni duk abin da suke so, in ba su gamsu ba ƙofar alƙali a buɗe take.

A baki abin da sauƙi. Gidan Tsafe, rumfar kasuwa, rumbuna, 'yan tumaki, duk aka yi musu ƙima aka raba ba wanda ya ɗaga murya. Gonakin Tsafe ma ba wanda ya yi gardama a kansu, domin na nesa da gari an daɗe ba a iya zuwa, kowa ya san dalili, ciyawa ce ke mulki a can. Abin da ke ciyar da mu a yau fadamar Bungudu ce, ga ta bakin gulbi, ga ta kusa da gari, shinkafa da damina, albasa da tumatir da rani. Kuma hannun Yaya ne ya mai da ita haka. Shi ya haƙa rijiyoyin, shi ya yi ta zuba taki, 'ya'yansa sun taso da laka a ƙafa. In aka cire kashi ɗaya cikin uku, sannan aka raba sauran tsakaninmu, abin da zai rage masa ba zai riƙe gidansa yadda ya saba ba.

Na same shi a bakin rijiya yana gyaran injin ban-ruwa. Bai ɗago ba.

"Ni ban ƙi gaskiya ba," ya ce. "Amma Gwaggo ta yahe tun ba a haihe mu ba. Yanzu ma ka tambaye ta ka ji. Mi kaka so, sai ka jawo tsohuwa cikin rana ka sa ta hwaɗi abin da kowa ya sani?"

"Haka Baba ya ce."

"Baba ya ce. Baba ya taɓa kwana nan shina koran tsuntsu? Kai ka taɓa? Kana Gusau cikin inuwa kana ninke buhu."

Bai yi ƙarya ba. Na ce masa in yana so ni zan bar masa nawa kason ya noma. Ya ce shi ba sadaka ya roƙa ba. Na hau mota na koma Gusau da ciwon kai.

Daga nan rayuwata ta koma kan hanya. Gusau zuwa Tsafe, Tsafe zuwa Gusau, Gusau zuwa Bungudu, kullum da rana tsaka, kullum ana duban gefen daji ana salati. Shagona ya fi zama a rufe. Direbobin tasha har sun daina tambayata ina za ni. Inna ta kira ni ɗakinta ta ce in ji tsoron Allah kada in raba mata 'ya'ya, wanda ya mutu ya mutu. Na ce mata tsoron Allahn ne ya hana ni barci. Ƙannena mata suka ce su duk yadda aka yi daidai ne, na ce a'a, ku ma sai kun zo kun ga naku, ba zan karɓi daidai ne daga ɗaki ba. Matata ta ce na fara magana irin ta Baba, kuma ba yabo take yi ba. Na gaji ƙwarai. Akwai ranar da na tsaya a bakin kabarinsa na ce, Baba, ka kyauta, kai ka kwanta ka bar ni da tsayuwa.

Mafi wuya ita ce Gwaggo da kanta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta namiji ma ya rasu, tana riƙe da jikoki samari, da ƙuli-ƙulin da take soyawa ake cefane. Gonar gidansu tana cikin waɗanda ba a iya zuwa. Duk da haka ina shiga da sallama ta fara.

"Ɗana, na ji abin da ubanku yac ce. Allah ya jiƙan shi, rigima gare shi. Ni ai tun tuni na ya..."

"Gwaggo, kada ki ƙarasa. Ban ji ba."

"Kai, ka ji ɗan banza. Ni da bakina?"

"Sai a Bungudu."

Haka muka yi ta yi. Duk zuwan da zan yi sai ta ɗauko kalmar, ni kuma in toshe kunne in yi waje, jikokinta suna dariya. Ta ce ƙafarta ba ta son mota. Ta ce me mutane za su ce, tsohuwa ta bi marayu gona tana rabon ƙasa. Ta ce yaya za ta dubi idon Yaya, yaron da ta goya. Wannan ta ƙarshen ita ce gaskiyar, sauran duk ado ne. Sai da liman ya je da kansa ya ce mata nauyin yana wuyan mamaci har sai ta je, sannan ta ce to, saboda yayanta ya samu ya huta.

Muka tafi bayan an kwashe shinkafa, ƙasa ta sha iska. Na ɗauki shatar mota tun daga Tsafe, ni da Gwaggo da liman da aminin Baba da malamin rabo, muka biya Gusau muka ɗauki ƙannena da ke aure a can. A Bungudu mai unguwa yana jiranmu da dattawa biyu da suka san iyakokin tun zamanin kakanmu. Yaya ya zo da igiya da turaku da kansa. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya ajiye mata kujera a inuwar mangwaro, ya kawo mata ruwa. Ban ga alamar fargaba a fuskarsa ba. Ya san abin da za ta ce, kowa a wurin ya sani, ni ma na sani. Na zo ne kawai in sauke.

Aka ja igiya daga bakin gulbi zuwa tudu, aka raba tsawon fadamar yadda kowane kashi zai samu ruwa. Aka yi ƙuri'a, nata ya faɗo ta gabas, da rijiya ɗaya a ciki. Malam ya ce a taso da ita.

Ba ta yarda an riƙe ta ba. Ta tattare zaninta ta shiga cikin kututturen shinkafa, tana tafiya a hankali. Mun zaci za ta tsaya a bakin wurin ta leƙa ta juyo. Ta bi igiyar nan har gulbi. Ta tsaya can ta daɗe, ta juyo ta bi ɗaya gefen, ta leƙa rijiya, ta sunkuya ta ɗebi ƙasa ta murza. Mu dai muna tsaye rana tana dukanmu. Da ta dawo numfashinta yana fita da ƙyar.

"Duk wanga?" ta ce.

Malam ya ce, "Duk shi, Hajiya. Daga turken can har ruwa. Yanzu shaidu na ji. Kin karɓa, ko kin bar ma magada?"

Ta dubi Yaya. Shi kuma ya sunkuyar da kai cikin ladabi yana jira.

"Ni na aza ɗan wuri na, kamar tsakar gida," ta ce. "Ranar da nic ce na yahe, ban san mi nika yahewa ba. Anka ce in ce, nic ce." Ta goge hannunta a zani, ta sake duban Yaya. "Ɗana, ka yi haƙuri da ni. Jikokina na zaune ba wurin noma. Na karɓa."

Liman ne ya fara cewa alhamdu lillahi, a hankali. Yaya ya ɗago, ya dube ta, bai dube ni ba. Ya ce, "Haƙƙinki na, Gwaggo. Allah ya sa albarka." Ya ɗauki guduma ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya yana kafa su da kansa, yana dukansu fiye da yadda ƙasa mai laushi take bukata. Ƙannena da suka ga haka, su ma ba wadda ta ce daidai ne. Kowacce ta taka nata ta karɓa, suka ce Yaya ya ci gaba da nomawa a yi yarjejeniya.

Yaya bai kai ni gaban alƙali ba, ko da yake yana da iko. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba. Jikokin Gwaggo sun tare a Bungudu da ranin nan, sun shuka albasa, an ce shi ne ma yake nuna musu yadda ake jan ruwa. Babban ɗansa kuwa ya bar gona ya tafi Gusau yana tuƙa babur, domin wurin ya yi musu kaɗan. Ina ganinsa wani lokaci a bakin tasha, ya gaishe ni, in amsa, in rasa abin da zan ƙara.

Wancan watan na je Bungudu duba su. Gidan da tun ina saurayi nake kutsa kai har madafa in buɗe tukunya, ina yin sallama sai Yaya ya fito da fara'a, ya riƙe hannuna, ya tambayi iyali da kasuwa da hanya. Sannan ya leƙa ciki ya ce a kawo tabarma, an yi baƙo. A zaure aka shimfiɗa mini, a zaure aka kawo mini tuwo da miya mai kyau, har da nama. Ya zauna nesa kaɗan yana yi mini hira har na gama, ya raka ni bakin hanya.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa abin da ya mayar ya zame masa haske. Na yi abin da ya ce, kuma da za a sake ba ni, haka zan sake yi. Shi ya sauke nasa nauyin. Ni kuwa har yau in na je gidan yayana, a zaure nake cin abinci.